Jan Layin Badaru

Wa ya gaya muku cewa duk wanda ya rataya jakar kwamfuta ya fi mai saɓe da fartanya sanin gona? Ina tambaya ne domin maza talatin da uku a ƙauyenmu, cikin mazaɓar Mainika, sun ɗaga hannu sun yarda da haka, kuma waɗanda suka fi kowa shan wahalar wannan yarda su ne mata takwas da ba a ƙirga hannayensu ba.

Ga yadda abin yake. Ƙungiyar manomanmu tana da tantan guda ɗaya tak, gonaki arba'in da ɗaya kuma suna jiran ta, daga bayan gari har zuwa hanyar Kutama. Shekara tara ke nan tsari ɗaya ake bi. Da an yi ruwan shuka, sai a fara da gonakin jigawa, domin yashi ba ya riƙe laima fiye da kwana huɗu. A cikin jigawar ma, sai a fara da gonakin matan da mazansu suka rasu, waɗanda ba su da mai yi musu huɗa. Gonakin ƙasa mai nauyi su ne na ƙarshe, sai sun tsane. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Ya'u direban tantan ya sani, kowa ma ya sani.

Ɗaya daga cikin matan nan takwas ita ce Gwaggo Uwaliya, ƙanwar mahaifina. Gonarta ƙarama ce, tana can ƙarshen jigawa, kuma geron da ke fitowa daga cikinta shi ne abincinta da 'ya'yanta huɗu har shekara ta zagayo. In laima ta wuce ba a yi mata huɗa ba, sai ta jira wani ruwan, wanda ba wanda ya san ranarsa, ta shiga damina a makare.

Sai Badaruddeen ya dawo daga Kano.

Badaru ɗan kawuna ne, wato taubashina, saboda haka ina da ikon faɗin gaskiya a kansa ba tare da an kira ni marar kunya ba. Ya je wata bita ta kwana biyar, ya dawo da takardar shaida a cikin gilashi, da riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan titi, da usur, da agogon auna gudun 'yan tsere. Ranar taron ƙungiya a gindin durumi ya zo da faffaɗan kwali a naɗe, ya tsaya gaban dattawa, ya gyara murya sau uku.

"Jama'a, abin da na zo muku da shi sunansa operations research," in ji shi. "Haka Amurkawa ke kiran sa. Turawan Ingila kuwa operational research suke cewa. Ni duka biyun na karanta."

"A kwana biyar?" Ya'u ya tambaya.

"Huɗu. Ranar farko rajista aka yi. Da wannan ilimi aka ci Yaƙin Duniya na Biyu, Ya'u. Ilimin da ya juya jiragen yaƙi ba zai gaza juya tantan ɗinka ba."

Adalci ya sa in ce ba duka maganarsa ce ƙarya ba. Sunayen biyu gaskiya ne, sai dai fanni ɗaya ne, kuma na yi shekara guda ina karanta shi a jami'a. A lokacin yaƙin ne Birtaniya ta tara masana ta ce su duba yadda za a yi amfani da 'yan kayan da ake da su, jirage da na'urori da mutane, ta hanyar da ta fi amfani. Bayan yaƙi masana'antu da asibitoci da kamfanonin sufuri suka ɗauka. Ma'anarsa a Turanci ba ta wuce binciken yadda ake gudanar da aiki ba: a yi amfani da lissafi a zaɓi hanya mafi dacewa idan buƙata ta fi kayan aiki yawa. Tantan ɗaya da gonaki arba'in da ɗaya, ai irin matsalar da aka ƙirƙiro shi dominta ke nan. Amma darasin farko da ake koyarwa shi ne: je ka ga aikin da idonka, tambayi masu yin sa, sannan ka tantance abin da kake nema, kafin ka taɓa biro. Ina zaton wannan darasin ranar rajista aka yi shi.

Badaru ya warware kwalinsa. Ya kwafo taswirar gonakinmu daga hoton sama na waya, ya ja jan layi guda ɗaya ya bi ta kansu duka, ya ba kowace lamba.

"Wannan ita ce hanya mafi gajarta," ya ce. "Za a rage shan man gas da kashi ɗaya cikin uku. Kwana shida an gama. Lamba ɗaya, gonar shugaba, Alhaji Mudassir, domin ita ce kusa da siton da tantan ke kwana."

Alhaji Mudassir ya gyara zama, ya shafa gemu.

"Lamba arba'in da ɗaya kuma, Gwaggo Uwaliya."

Na miƙe daga tabarmar mata, inda na raka Gwaggo. "Badaru, me ka sa a gaba a lissafin nan?"

"Man gas."

"Laimar ƙasa fa?"

"Ba ta cikin darasi."

"Marayu fa?"

"Haba Kamila, ke da kika yi boko? Lissafi bai san maraya ba."

"Mai lissafin ai ya san su. Tuwon gidansu ka cinye malmala uku ranar da za ka tafi Kano."

"Biyu da rabi," ya ce, ya juya wajen dattawa kamar ya yi nasara.

Gwaggo ta yi magana a hankali, ba ta ɗaga kai ba. "Ɗan nan, arba'in da ɗayan nan, yaushe ke nan?"

"Rana ta shida, Gwaggo."

"Gonata kwana huɗu take ba mutum."

"Sai ta saba da sabon tsari."

Alhaji Mudassir ya dubi sunansa a saman kwali, ya ce shi dai ya ga ilimi a wurin nan, kuma bai kamata mu zama mutanen da ke gudun ci gaba ba. Ya ɗaga hannu. Waɗanda ke kusa da shi suka ɗaga, na bayansu suka duba suka ɗaga, har da mai lamba talatin da tara, wanda daga baya ya ce shi ƙuda yake kora. Ba a juyo wajen tabarmar mata ba.

Ranar Lahadi aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Litinin da hantsi Badaru ya ɗare gefen tantan da rigarsa mai ƙyalli, ya busa usur.

An gama gonar Alhaji lafiya. Daga nan jan layin ya ratsa ta wani lungu a cikin gari.

"Tantan ba ta shiga nan," in ji Ya'u. "Zagayawa ake yi ta bayan makaranta."

"Zagayen mita ɗari shida ne. Na auna lungun a waya, akwai rarar taku guda. Shiga."

Tantan ta shiga, amma faifan haro, ƙarfen huɗar da ke bayanta, ya fi ta faɗi, kuma shi ba a auna shi ba. Ya kama zanan gidan Sauda mai ƙosai ya tafi da shi, da igiyar shanya, da zannuwa biyar, da turken akuya. Akuyar ta ga an ɗauki turkenta, ta biyo baya a guje, 'ya'yanta suka biyo ta. Sauda ta fito da matsamin ƙosai a hannu, ta tarar gidanta ya zama fili, masu wucewa suna yi wa mijinta barka da hutawa yana kwance a tsakar gida.

"Badaru! Uban wa ya aiko ka?"

"Ki kwantar da hankalinki, Sauda. A kowane babban aiki akwai ƙaramar asara da aka riga aka yi hasashenta."

"To ka yi hasashen wannan!" Ta jefa masa matsamin. Ya sunkuya, matsamin ya sami hularsa, ta faɗa cikin kaskon mai.

Gona ta uku ta Malam Hambali ce. Ya'u ya taka birki a bakin iyaka.

"Wannan a tsallake ta. Malam ya yi binne."

Binne, ga wanda bai sani ba, shi ne a shuka gero a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwa, domin da ya sauka ya tarar da iri yana jiran sa. Malam Hambali ya yi nasa mako biyu da suka wuce, kuma ya faɗa wa Ya'u a masallaci.

Badaru ya leƙa gonar, ya leƙa waya. "Ka ga wani abu a ƙasa? Fili ne. Hoton ma fili ya nuna. In aka tsallake lamba uku, duk lissafin ya rushe."

"Ni dai na faɗa, Allah ne shaida."

"An ji. Umarnin shugaba ne a bi kwali. Tafi!"

Sun yi zuwa biyu da dawowa ɗaya kafin Malam Hambali ya ɓullo a guje, rawani a hannu ɗaya, sanda a ɗayan. Ya durƙusa ya ɗebo ƙasa, ga ƙwayoyin gero sun fasa baki, fararen saiwoyi suna kallon sama.

"Gerona! Jiya-jiya ya sha ruwa!"

"Malam, a ilimance wannan ana kiran sa gibin bayanai."

"To a wajenmu wannan ana kiran ta sanda, zo in karantar da kai!"

Sau uku suka zagaya tantan. Ya'u ya karɓi agogon tseren ya danna, ya ce Badaru ya yi zagaye na uku cikin daƙiƙa tara, kuma wannan ne aiki na farko da aka gama a kan lokaci. Gonaki bakwai aka tsara a ranar. An yi biyu, an ɓata ɗaya.

Talata da safe Badaru ya zo da sakamakon bincike.

"Na gano inda lokaci ke zurarewa," ya ce wa Ya'u. "Gaisuwa. A kowace gona kana cinye minti goma sha ɗaya: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa, ya mai jiki. Sau arba'in da ɗaya, awa bakwai da rabi ke nan. Daga yau: sallama, amsa, aiki."

"In aka tambaye ni iyali fa?"

"Ka ɗaga babban yatsa."

Jan layin ranar ya bi ta burtali, hanyar shanu. Suna shiga suka yi kiciɓis da Baba Sajo, dattijon da ya haura saba'in, wanda iyayensa makiyaya ne kafin su zauna su kama noma ta wajen Gammo. Yana tafe da bijimansa huɗu na huɗa da sauran garke. Ya tsaya, ya dogara sanda, ya yi sallama, aka amsa.

"An tashi lafiya? Ina gajiya? Ya muka ji da ruwa? Ya wajen mahaifinka, ya ƙafar tasa?"

Badaru ya dubi agogo, ya ɗaga babban yatsa, ya busa usur.

Baba Sajo ya dube shi sama da ƙasa. Sannan ya shimfiɗa buzunsa a tsakiyar burtali, ya zauna, ya miƙe ƙafa. Shanun suka ga maigida ya zauna, su ma suka kwanta.

"Baba, ka tare hanyar aikin ƙungiya!"

"Yaro, shanun nan ma da sunansu nake kiran su. Ban taɓa busa musu wannan abin ba. Na tambaye ka ƙafar mahaifinka, ka nuna mini yatsa. Yatsan ne ke ciwo?"

"Ba lokaci, Baba."

"Ni ina da shi."

Burtali ba ya juyuwa, gonaki ne dama da hagu an yi shuka. Ya'u ya kashe inji, ya sauko, ya gaida Baba tun daga farko har ƙarshe, aka dama fura. Badaru ya yi ta zagaye yana danna kwamfuta. Sai bayan azahar shanun suka ga dama suka tashi. Minti goma sha ɗaya aka so ragewa, awa biyar aka biya.

Da la'asar na raka Gwaggo gonarta. Ta tsuguna, ta soka yatsa cikin yashi, ta zaro ta duba.

"Laima ta fara sauka," ta ce. "Jibi ce ranar ƙarshe."

Daga can na wuce gidan Alhaji Mudassir, na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce masa tsarin nan zalunci ne da aka sa wa rigar lissafi, kuma in yana so zan gyara kwalin a zaune a nan, a sa laima da marayu a ciki, man gas ma a rage. Ya ce mini, "'Yata, a bari a ga ƙarshen ilimi." Ta bayansa ina hango gonarsa, kunyoyi sun miƙe sambal, an ma gama shuka.

Laraba, wato yau, Badaru ya yanke shawarar fanshe kwana biyun da suka salwanta a bugu ɗaya. Tsakanin gari da gonakin yamma akwai Kwarin Gawo, wanda ake zagayewa ta gada, tafiyar kilomita huɗu. Jan layin kuwa ta tsakiyarsa ya bi. Kuma domin kada wannan nasara ta wuce ba shaidu, ya gayyato baƙi daga Gwarzo da Kabo, shugabannin wasu ƙungiyoyin manoma cikin fararen manyan riguna, da wani ɗan jarida mai na'urar ɗaukar murya. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru a bakin kwarin. Gari ya fito kaf.

Ya'u ya sauko ya zare makulli. "Kwarin nan ko jaki ba ya ratsa shi sai ruwa ya kwana bakwai."

Badaru ya ɗaga waya ya nuna wa baƙi. "Ku duba da idonku. Busasshe ƙamas."

"Badaru," na ce daga cikin mata, "hoton nan da bazara aka ɗauke shi. Ga kwarin a gabanka, ɗago kai ka dube shi."

"Ido yana kuskure, Kamila. Tauraron ɗan'adam ba ya yi."

"Ga kwaɗi suna kuka a ciki!"

"Kwaɗi ba hujja ba ne." Ya miƙa hannu. "Ya'u, makulli."

"Ka iya tuƙa ta?"

"Na karanta littafinta."

Ya'u ya dubi Alhaji, Alhaji ya dubi baƙi, ya gyaɗa kai. Ya'u ya ajiye makullin a kan taya, ya je ya nemi inuwa.

Taku ashirin na farko sun tafi daidai, har wani baƙo ya fara tafi. A na ashirin da ɗaya tantan ta sunkuyar da kai kamar mai neman gafara. Badaru ya taka totur. Tayoyin baya suka juya a wuri ɗaya, suka kwaso laka suka watsa ta baya, daidai rumfa. Fararen riguna goma sha biyu suka koma kalar kunun kanwa. Alhaji ya buɗe baki zai ce a tsaya, ya sami rabonsa a ciki. Badaru ya ji ihu ya ɗauka kirari ne, ya ƙara takawa. Tantan ta nutse har ciki, ta yi tari sau biyu, ta mutu.

Ya hau kan rufinta, ya buɗe kwamfuta.

Ɗan jarida ya matso bakin ruwa ya miƙa na'ura. "Yallaɓai, wane mataki ake ciki yanzu?"

"Matakin tattara bayanai."

"To ga shi tana ƙara yin ƙasa."

"Shi ma bayani ne."

Da rufin ya fara karkata, sai ya auna tazarar da ke tsakaninsa da tudu, ya sanar da jama'a cewa mita biyu ce, ya yi tsalle. Mita huɗu ce. Ya tsaya cak cikin laka har ƙugu, hannuwa a sama riƙe da kwamfuta. Sauda ta ce a bar shi a nan ya tsiro. Malam Hambali ya ce shi ya yafe geronsa, wannan binnen ya fi nasa kyau.

Ba abin da zai ja tantan sai bijimai, bijiman kirki kuma na Baba Sajo ne. Aka aika, ya zo a natse, ya tsaya a bakin kwarin, ya yi sallama.

"Wa alaikumus salam, Baba! A taimaka!"

"An wuni lafiya?"

"Lafiya lau, Baba, igiya..."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya muka ji da ruwa?"

Badaru ya dubi ruwan da ke ƙugunsa. "Ruwa ya yi gyara, Baba."

Sai da aka bi ta kan mahaifinsa da ƙafarsa, da mahaifiyarsa, da mutanen Kano, da hanya, sannan aka ɗaura igiya. Bijimai huɗu da maza ashirin suka fito da tantan. Badaru kuwa bijimi ɗaya ya ishe shi, sai dai takalmansa sun zaɓi zama a can. Makanikin da ya zo cikin baƙin Kabo ya buɗe inji, ya ce ta sha ruwa har wuya, mako biyu in an yi sa'a.

Ana cikin dariya Gwaggo Uwaliya ta ratsa mutane, ta tsaya gaban Badaru yana zaune yana ɗiga.

"Ɗan nan," ta ce, "yanzu ni ta nawa ce?"

Ya share laka daga ido, ya lalubo kwalin da ya jiƙe. "A ƙa'ida har yanzu ta arba'in da ɗaya, Gwaggo, amma in aka sake lissafi..."

Wasu suka sake fashewa da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta gyara mayafi, ta kama hanyar gida, kuma dariyar ta mutu tun kafin ta kai gindin gawo.

To, kun sha dariya, ni ma na sha, yanzu ku saurara. Gobe Alhamis ce ranar ƙarshe ta laimar jigawa, kuma gonaki takwas na matan nan ko kunya ɗaya ba a tayar a cikinsu ba. Baba Sajo ya ba da bijimansa huɗu, wato garma biyu. Ana buƙatar shida. Duk mai garmar shanu daga nan har Kutama, ya kawo ta bakin gonar Gwaggo Uwaliya da an idar da sallar asuba. Wanda ba shi da shanu ya zo da fartanya, mata su zo da iri. Alhaji Mudassir, gonarka an gama ta tun Litinin, ma'aikatanka suna zaune, ka turo su, kai ma ka biyo su. Ku talatin da uku da kuka ɗaga hannu, hannayen nan muke so mu gani a kan ƙota. Ranar Asabar kuma ku zo gindin durumi a rubuta tsohon tsari a takarda, a sa hannu, kuma a ƙirga matan nan takwas in ana ƙirga.

Wanda ya karanta wannan a waya ya karanta wa maƙwabcinsa. Badaru ya aiko mini da saƙo cewa a shirye yake ya tsara yadda gayyar za ta gudana. Duk wanda ya riga ni ganin sa gobe, ya karɓe biron, ya miƙa masa fartanya, ya nuna masa kunya ɗaya, kuma ya tsaya a kansa har ya kai ƙarshenta.